Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mawaƙanmu Da Masu Fim: Ku Kai Labarin Yaƙi Har Ƙarshensa

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mawaƙan Hausa, na fiyano da na kalangu, da masu shirya finafinai, da masu fassara mana finafinan ƙetare, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da ke sa ido a kan sana'arku.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin makaranta ne a Zamfara. Ban taɓa shiga sitidiyo ba, ban san yadda ake riƙe kyamara ba, amma yaran da ke haddace baitukanku su nake koyarwa, kuma wannan ne ya ba ni bakin magana. Ƙorafina shi ne yaƙi yana yin kyau a hannunku. Yakan fito da kiɗa mai ratsa jiki, da kaki mai guga, da jarumin da harsashi ke kauce wa, sai ku yanke hoton daidai lokacin da za a fara wankan gawa. Ba na neman a hana ku waƙar yaƙi ko fim ɗin yaƙi. Abin da nake roƙo shi ne idan kun ɗauko labarin, ku kai shi har inda yake ƙarewa.

Na san amsar da za ku fara bayarwa: gado ne. Gaskiyarku. Bahaushe bai san yaƙi babu kiɗa ba. Tambura da kakaki da kirari duk kayan fagen fama ne kafin su zama kayan ado na fada. Hawan Sallar da muke alfahari da shi, wanda hukumar UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, asalinsa nuna wa sarki shirin mayaƙansa ne. Sulke da lifidi da kwalkwali, da 'yan bindiga masu ɗura albarushi, da jafin da mahaya ke yi su ja linzami a gaban sarki, duk ragowar wancan zamani ne. Narambaɗa ya wasa Sarkin Gobir na Isa da zantukan mazantaka da har gobe ake nazarinsu a jami'o'i. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗan da ke sa namiji ya manta yana da ciki. Gambo ma ɓarayi ya yi wa waƙa, aka saurara, aka yi dariya, aka rubuta littattafai a kansa. Ni ma da waɗannan waƙoƙi na girma, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba sa motsa ni ba.

Amma ku duba sunayen garuruwan nan da kyau: Isa da Zurmi. Ku tambayi direban da ke bin hanyar Shinkafi zuwa Isa ko zuwa Sabon Birni yadda yake kwana kafin ranar tafiya. Ƙasar da ta haifi waɗannan makaɗa ita ce yau ake biyan haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. A watan Disamba na 2021 an tare mota a yankin Sabon Birni aka banka mata wuta da fasinjoji a ciki. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga bayan duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. Sarautar da tambura ke yi wa kirari ke nan. Dubban mutanen wannan yanki suna gudun hijira a jihar Maraɗi ta Nijar. Waƙar mazantaka a kunnen wanda ke zaune lafiya nishaɗi ce. A kunnen yaron da ya ga an shigo garinsu a kan babura, uku-uku, darasi ce a kan wanda ake tsoro da wanda ake takawa.

Kuma magabatan da muke fakewa da su ba rabin labari suka bar mana ba. Masu jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun rubuta nasarar Tafkin Kwatto a 1804, sun kuma rubuta Tsuntsuwa, inda a ƙarshen wannan shekarar aka rasa jama'a masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Sun rubuta yunwa da annobar da suka bi rundunar. Nana Asma'u, wadda ta tashi a tsakiyar waɗannan yaƙe-yaƙe, babban kaso na waƙoƙinta marsiyya ne, kukan waɗanda aka rasa. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci waƙoƙin Larabawan jahiliyya ya san cewa kusa da Antara mai alfahari da takobi akwai Zuhairu, wanda ya yabi mutanen da suka biya diyya daga dukiyarsu don a kashe wutar yaƙin Absu da Zubyana, ya kuma ce wa jama'arsa yaƙi ba komai ba ne face abin da suka riga suka sani, suka ɗanɗana. A cikin Bukhari an kawo wasu baitoci da magabata ke son maimaitawa lokacin fitina, masu cewa yaƙi yakan fara zuwa kamar budurwa da ta ci ado tana jan hankalin wawa, sai wuta ta kama sannan ta juye tsohuwa da babu mai son kusantarta. Manzon Allah (SAW) da kansa, wanda ya halarci Badar da Uhudu, ya ce kada a yi burin haɗuwa da abokin gaba, a roƙi Allah zaman lafiya. Idan gado za mu ɗauka, mu ɗauke shi duka.

Akwai kuma abin da ya kamata masu fim su sani game da asalin sana'arsu a ƙasar nan. Majigin da kakanninmu suka fara kallo a ƙofar fada ba don nishaɗi Turawa suka kawo shi ba. A 1939, shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na musamman don ƙasashen da take mulka, kuma babban aikinsa a lokacin shi ne a sa talaka ya ga yaƙin Bature yaƙinsa ne. Samari daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suka shiga soja, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan zuwa ƙasar Bama (Burma), cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Majigi ya nuna fareti da lambobin yabo. Bai nuna zazzaɓi da atini a dajin Arakan ba, bai nuna waɗanda suka dawo hankalinsu ba daidai ba, bai kuma nuna 'yan Bama da suka tsufa suna bin haƙƙinsu ba. Turawan da suka shirya wannan majigi su ne jikoki da 'ya'yan waɗanda suka buɗe wa mahayanmu bindiga mai ruwa a Giginya da Burmi a 1903, suka share Satiru daga doron ƙasa a 1906. Tun ranar farko, mai biyan kuɗin hoton shi ke zaɓen inda za a yanke.

Haka aka yi a yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Gidajen rediyon Arewa sun cika da waƙoƙin ƙarfafa soja, manyan mawaƙanmu sun yi, har da Shata, marubuta waƙoƙi ma sun yi. Ba na zargin su, don a ganinsu ƙasa ce za ta tsage. Sai dai ku duba abin da ya rage a hannunmu bayan shekara fiye da 50. Muna da baitukan yabon kwamandoji da yi wa Ojukwu zambo. Ba mu da wata fitacciyar waƙa ko fim na Hausa a kan Inyamuran da aka kashe a garuruwanmu a 1966, ko mutanen Asaba da aka tara aka harbe a watan Oktoba na 1967, ko yaran da yunwa ta kashe, waɗanda tare da sauran mamatan yaƙin ake ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya. Ba mu ma da labarin sojanmu da ya dawo ba ƙafa ya ƙare rayuwarsa yana gadi. Shi ya sa duk lokacin da aka yi sa-in-sa da 'yan Kudu a Facebook za ka ga matashin da ko ƙarar bindiga bai taɓa ji ba yana rubuta wai a sake gwadawa. Abin da aka rera masa ke nan.

Yanzu gare ku, masu fassara. Ku ne kuka fi kowa shiga ɗakunan yara a yau. A da sai mutum ya je silimar Plaza ko Eldorado ko Marhaba a Kano ya yanki tikiti. Yanzu da 'yan canji mai tura finafinai zai cika wa yaro memori, da na Amurka da na Indiya da na Turkiyya masu dogon zango, duk da muryoyinku. Kuna da gwaninta, wallahi, kuma barkwancinku ne ya sa ake saye. Amma ku saurari kanku idan an zo wurin kisa. Akta ya zuba wa mutum ashirin harsashi, ku kuma kuna yi masa kirari, kuna tsokanar waɗanda ke faɗuwa, kamar masu sharhin ƙwallo. A ainihin fim ɗin wataƙila shiru aka yi a wurin. Ku kuka cike shirun da dariya.

Ya kamata ku san kayan da kuke dako. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin da ke hulɗa da masu shirya finafinai. Mai son a ara masa jiragen yaƙi da sansani sai ya miƙa labarinsa a duba, a gyara abin da bai yi wa rundunar daɗi ba. Da irin wannan taimako aka yi Top Gun a 1986. Haka Tears of the Sun na 2003, wanda aka ce a Najeriya labarin ya faru alhali a Hawaii aka ɗauke shi, inda aka nuna mu muna yanka juna har sai da Bature ya sauko daga jirgi ya cece mu. Rambo kuwa, wanda sunansa ya zama laƙabin kowane ɗan daba, fim ɗinsa na farko a 1982 labarin tsohon soja ne da yaƙin Biyetnam ya lalata wa ƙwaƙwalwa, kuma a ƙarshensa durƙushewa ya yi yana kuka kamar yaro, yana ba da labarin abokinsa da bam ya tarwatsa a gabansa. Wa ke tuna wannan wurin? Ɗaurin kai da jigidar harsashi aka riƙe. A yaƙin Saliyo, daga 1991 zuwa 2002, masu bincike da yaran da suka tsira sun ba da labarin yadda ake kunna wa ƙananan mayaƙa finafinan Rambo a sansani, har wasu suka ɗauki sunan. Ba na cewa fim ne ya haddasa yaƙin Saliyo, kamar yadda ba fim ne ya kawo ɓarayin daji ba. Rashin adalci da talauci da satar shanu da rikicin filaye da makaman da suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011 sun isa bayani. Amma wanda ya riga ya riƙe bindiga yana buƙatar madubin da zai ga kansa jarumi, kuma ku ne ke sayar da madubin.

Bari in gaya muku abin da nake gani a filin makaranta lokacin tara. Yara sukan yi wasan da suke kira ɓarayi da sojoji. Bindigoginsu na kara ne, amma ba irin na zamaninmu ba. Suna yanko tsohon silifa su lanƙwasa shi ya zama gidan harsashi, su ɗaura igiya su rataya a kafaɗa, su naɗe fuska da ɗankwali ido kawai ke waje. Kafin a fara sai an yi rigima, kuma rigimar ba a kan wa zai zama soja ba ce, a kan wa zai zama kacalla ce. Ƙananan da ba su da ƙarfi su ake kamawa. A zaunar da su a gindin bishiya, wani ya kara guntun katako a kunne yana cewa a kawo miliyan goma da babur biyu da katin waya, in ba haka ba a zo a ɗauki gawa. Suna yi suna rera baitin da suka ji a wayar yayyensu. A cikin masu wasan akwai waɗanda aka sayar da gonar gidansu don a fanso mahaifinsu. Idan na tsawata sai su watse, gobe su koma bayan aji.

Wannan baiti daga ina? A nan maganar ta fi ɗaci. An yi wa Bello Turji waƙar yabo da Hausa, ta zagaya wayoyi, har a wuraren biki an ji ta. Ba shi kaɗai aka yi wa ba. Salon kuwa namu ne, kirarin da aka gada daga fada da fagen dambe, an ɗauke shi ɗungurungum an ɗora wa mai ƙona ƙauye. A TikTok 'yan bindiga sun riƙa fitowa kai tsaye da kaki da damin kuɗi, ana sa musu kiɗa, matasanmu na tura lambar asusu suna roƙon a sammusu. Kuɗin fansar maƙwabcinka kake roƙo, ɗan'uwa! Mai irin wannan waƙa yakan ce tilasta shi aka yi, ko ya ce sana'a ce, wanda ya biya shi ake yi wa. Na yarda akwai wanda aka tilasta, kuma wanda ke zaune a birni bai isa ya yi wa mazaunin bakin daji alfahari da jarumta ba. Amma wanda ya haɗa kiɗan a sitidiyo, da wanda ya tura a memori, da wanda ya kunna a gidan biki, su wa ya ɗora wa bindiga? Sa'ad da Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa ƙasurgumin ɗan bindiga Ado Aleru sarauta a watan Yuli na 2022, ƙasa ta ɗauka, gwamnati ta dakatar da sarkin. Mawaƙi ma naɗi yake yi, kuma nasa rawanin ba a warware shi da takardar gwamnati.

Wasunku za su ce su ba sa cikin wannan, su sojoji da askarawa da 'yan sa-kai suke yi wa waƙa. Madalla. Yaron da ya bar matarsa da goyo ya tafi Sambisa ko dajin Zamfara ya cancanci yabo, ni ma ina yi masa addu'a. Sai dai yabon soja daban, kwaɗaitar da kisa daban. Idan bidiyonka gawarwaki ne a jere da kiɗa mai daɗi a kai, ka koya wa mai kallo jin daɗin ganin gawa, kuma wannan ɗabi'a ba ta tambayar gawar wace ce. Jirgin da kuke yi wa kirari shi ne ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a watan Janairu na 2017. Jirgi marar matuƙi na soja ne ya kashe masu Mauludi a Tudun Biri a jihar Kaduna a watan Disamba na 2023, mutum aƙalla 85. Su wa suka yi wa waɗannan marsiyya? Mafi haɗari kuma shi ne baitin da ke zamewa daga ɓarawo ya koma kan ƙabila, ya mayar da kowane Bafulatani abin farauta, alhali rugage nawa aka tashe, shanu nawa aka kwashe wa Fulanin da ba su ji ba su gani ba. Ku tuna Simon Bikindi na Ruwanda. Mawaƙi ne da ake ji da shi, gidan rediyon RTLM ya yi ta sa waƙoƙinsa a lokacin kisan ƙare dangi na 1994. A 2008 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure shi shekara 15 saboda kiran kisa da ya yi da lasifika a kan hanya. Bai fara da lasifika ba, da waƙa ya fara.

Ranku ya daɗe shugabannin Hukumar Tace Finafinai, kada ku ɗauki wannan wasiƙa a matsayin izinin ƙara kulle-kulle. Tun kafa hukumar a 2001 an fi saninta da bin diddigin rawa da sutura da taɓa hannu. Ban raina wannan ba, amma abin mamaki ne a ce gyale ya fi tayar da hankali a kan waƙar da ke wasa mai garkuwa da mutane. Kuma hani kaɗai yakan faɗa kan wanda bai kamata ba. A 2022, da BBC da Trust TV suka nuna rahotanni na musamman a kan ta'addancin daji, inda aka ga gawarwaki da iyaye masu kuka da yadda abin ya samo asali, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa tarar naira miliyan 5 ta ci Trust TV da wasu kamfanonin da suka haska na BBC, wai sun ɗaukaka ta'addanci. Waɗanda suka nuna munin abin aka hukunta, masu yi masa kwalliya suna nan a wayar kowa. Idan wani ɗan Kannywood ya kawo muku fim da ya nuna sojan da ya yi kuskure, ko ɗan sa-kai da ya kashe marar laifi, ko jami'in da ke cin kuɗin makamai, ku bar shi ya wuce. Wannan ne gwajin ku.

Ku kuma masu shirya fim, kada ku ce babu kuɗin yin fim ɗin yaƙi. Wanda nake nufi ba ya buƙatar tankar yaƙi ko jirgi. Yana buƙatar ɗaki ɗaya da waya ɗaya da iyalin da ke jiran ta yi ƙara. Wa zai ɗaga, wa zai yi ciniki, wace gona za a fara sayarwa, wane ɗan'uwa ne zai ce ba shi da shi alhali yana da shi, wa zai ɗauki jakar kuɗin ya shiga daji, kuma me zai faru idan aka riƙe shi shi ma. Akwai labarin matar da ta dawo daga daji da ciki, da abin da mijinta da uwar mijinta za su yi. Akwai ɗalibin Ƙanƙara ko ɗalibar Jangebe da aka sako, aka ɗauki hoto da gwamna, sannan aka bar su da mafarkinsu. Akwai yaron ruga da aka kashe ubansa a kasuwa ya shiga daji yana ɗan shekara goma sha uku, yanzu yana son fita bai san ta ina ba. Kun iya sa mutane kuka a kan kishiya da gado, kun yi shekaru kuna yi. Waɗannan mutane suna nan a kangaye da tashoshin mota a Gusau da Sakkwato da Katsina, ba sai kun ƙirƙiro su ba. Ku je ku zauna da su, ku nemi izininsu, ku sauya sunaye, ku biya su haƙƙin labarinsu. Mawaƙa kuma, ƙungiyoyinku su fito fili su ce duk wanda ya wasa ɗan bindiga ba ya cikinsu, kuma sitidiyon da ya haɗa masa kiɗa a daina kai masa aiki.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Gusau